Haƙorin Hankali: Shirin Cire Shi Da Jiyyar Bayansa

Mafi yawan 'yan makarantan nan shekarunsu tsakanin 17 ne da 25, waɗannan kuwa su ne shekarun da autan haƙora ya ke ƙoƙarin fitowa. Sabo da haka da wuya zango ya wuce ba a sami wani daga cikinmu ya kwana riƙe da kunci ba, gari ya waye ya kasa tauna tuwo. Bayan wannan kuma, in Allah ya kai mu ƙarshen karatu za a rarraba mu, wani ya sami kansa a Darini, ko wani ƙauye na ƙasar Batsari da Safana, inda likitan haƙori ya ke da nisa, malamin makaranta kuwa shi a kan fara tambaya kome. To, ya kamata mu san abin da za mu ce.

Abin da na ke so in bayyana shi ne, cire wannan haƙori aikin mutum biyu ne. Likita yana da nasa rabo, wanda sau da yawa ba ya wuce rabin sa'a. Mai haƙori kuma yana da nasa, wanda ya ke farawa tun bai isa asibiti ba, ba ya kuwa ƙarewa sai bayan mako guda ko biyu. In ya riƙe nasa rabon da kyau, abin ya kan zo da sauƙi ƙwarai.

Wane ne haƙorin hankali?

Yaro yana da haƙora 20, waɗanda ya kan zubar in ya yi famfara. Baligi kuwa 32 gare shi: takwas na gaba don gatsa, fiƙa huɗu, sauran 20 duk matauna ne. Daga cikin mataunan nan, manyan da ke can ciki su a ke kira turame, uku a kowace kusurwa ta baki. Turmi na fari ya kan fito yaro yana da shekara 6, na biyu yana da shekara 12, na uku kuwa sai ya zama saurayi. Don haka ne Larabawa su ke ce masa dirsul aƙli, watau haƙorin hankali, Turawa ma sunan da su ke kiransa da shi ma'anarsa ke nan, wai domin ba ya zuwa sai mutum ya yi hankali. Guda huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, amma akwai wanda ba ya samun duka huɗun, akwai ma wanda ba ya samun ko ɗaya, wannan kuwa ba cuta ba ce.

Wahalarsa ita ce ta baƙon da ya zo a makare, ya tarar tabarma ta cika. In muƙamuƙin mutum yana da fili, sai haƙorin ya fito a miƙe, ya shiga sahu, ya yi ta tauna har tsufa. In babu fili, sai ya maƙale. Wani ya kan fito a karkace ya tokari maƙwabcinsa, wani ya kwanta a gicciye cikin ƙashi, wani kuma ya leƙo da rabin kansa ya tsaya nan. Masana sun lura muƙamuƙi ya fi girma ga wanda ya tashi yana tauna abinci mai tauri, sabo da haka mu da muka fara komawa ga burodi da taliya sai mu sa ran maƙalewar nan ta fi yawa gare mu bisa ga kakanninmu.

Wanda ya leƙo ya tsaya shi ya fi ba da wahala, musamman na ƙasa. Naman dasashi ya kan rufe rabinsa kamar marfi, guntayen abinci su riƙa shiga ƙarƙashin marfin nan, inda asawaki ba ya kaiwa. Nan ƙwayoyin cuta su ke samun masauki, dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya, baki ya yi wari, har mutum ya kasa buɗe baki sosai. Mutanenmu su kan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin nan ne da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu shi ne saurar abincinmu, musamman zaƙi.

Ba kowanne a ke cirewa ba

Kada wani ya ji wannan ya ce zai je a cire masa duk huɗun don ya huta. A shekarar 2000 hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila hanyoyin jiyya ta ba da shawara a daina cire haƙorin hankali muddin lafiyarsa lau, ko da ya maƙale, domin aikin kansa yana da nasa haɗari. Dalilan da su kan sa a cire shi sanannu ne: in kumburin dasashi ya yi ta komowa, ko ya zo da tsanani, in haƙorin ya yi kogon da ba ya cikuwa, in yana lalata maƙwabcinsa, in mugunya ta taru a gindinsa, ko in hoto ya nuna wata jakar ruwa ta kewaye shi tana cin ƙashi. Ɗan zafin da a kan ji sa'ad da ya ke huda dasashi, wanda ya kan wuce cikin 'yan kwanaki, wannan maganinsa tsabta da ruwan gishiri mai ɗumi.

Amma fa in dalili ya tabbata, jinkiri ba shi da amfani. Saiwar turmin ƙasa tana kusa da ƙarƙashin harshe da maƙogwaro. Mugunya in ta rasa mafita ta kan gangara can, ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago, har ya toshe hanyar numfashi. Wani likita na ƙasar Jamus, wai shi Ludwig, shi ya fara siffanta wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa likitoci su ke kiransa. Ciwo ne mai kisa in ba a yi hanzari ba, asalinsa kuwa sau da yawa turmin ƙasa ne guda da aka yi wa sakaci. A ƙauye an saba a ce sammu ne, ko iska, a yi ta shafe-shafe da turare har lokaci ya ƙure.

Wurin wa za a je?

Ba mu raina wanzamai ba, sana'arsu tsohuwa ce, sun kuwa taimaki jama'a tun babu asibiti. Amma haƙorin hankali ya fi ƙarfin awartaki. Saiwoyinsa su kan lanƙwashe kamar ƙugiya, rabinsa yana cikin ƙashi, kusa da shi kuma akwai jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, da wata mai kai ji ga harshe. Wanda ba ya ganin abin da ke ciki, in ya ja da ƙarfi, ko dai haƙorin ya karye ya bar saiwa, ko muƙamuƙi ya tsage. Ga kuma ƙarfen da ba a dafa ba, wanda ya kan ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga bakin wani ya kai bakin wani. Wannan gargaɗi ba na Turawa kaɗai ba ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan Musulmi na Ƙurɗuba cikin ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana siffofin ƙarafan cire haƙori cikin littafinsa At-Tasrif, ya kuma ja kunnen almajiransa kada su yi gaggawa irin ta masu ƙaho marasa sani, waɗanda su kan karya haƙori ko su ɓalle ƙashi.

Haka kuma a guji abin da a kan cusa cikin kogon haƙori, kamar garin taba, ko kanwa, ko ƙwayar asfirin, ko ruwan batir. Waɗannan ƙona nama su ke yi, su daɗa wa likita aiki. Kanumfari dai gaskiya ne yana da wani mai da ke kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya kashe tushen ciwo.

Mutumin Darini sai ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi, a duba shi, in ya yiwu a ba shi takarda. Akwai babban asibiti a Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, mutanen Safana kuma suna kusa da na Dutsin-Ma. Haƙorin da ya kwanta cikin ƙashi kuwa, wanda sai an yi masa fiɗa, a nemi wurin da ke da likitan haƙori da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, kamar asibitin tarayya na Katsina, wanda aka mai da shi asibitin koyarwa a 2022, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano.

Abin da ya fi hana mutane zuwa shi ne tsoron zafi, tsoron nan kuwa gādo ne daga zamanin da ya wuce. Likitocin haƙori su ne suka buɗe wa duniya ƙofar fiɗa ba da zafi ba. A 1844 wani likitan haƙori na Amurka, Horace Wells, ya shaƙi wata iska, aka cire masa nasa turmin bai ji zafi ba. A 1846 William Morton, shi ma likitan haƙori, ya nuna wa likitocin birnin Boston yadda a ke sa mutum barci a yi masa aiki. Allurar da aka fi yi yau don kashe wuri guda, an haɗa maganinta a ƙasar Suwidin a 1943. Hoton ƙashi kuwa Röntgen na Jamus ya gano shi a 1895, ba a daɗe ba aka fara ɗaukar haƙora da shi. Watau abubuwa biyu da wanzami ya rasa, ganin ciki da kashe zafi, duka suna hannun likita.

Shiri tun daga gida

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da ya kamata a shirya.

Na fari, zaɓen lokaci. In ba gaggawa ba ce, ɗan makaranta kada ya sa ranar kusa da jarrabawa, ya bari sai hutu. Manomi kada ya sa ta tsakiyar shuka ko huɗa, gwamma bayan kaka, sa'ad da aiki ya yi sauƙi kuma akwai abin hannu. In da hali a kauce wa watan azumi, domin ana bukatar shan magani da abinci a kan lokaci. A ware kwana uku na hutu sosai, da kamar mako guda ba aikin ƙarfi. Amma in kumburi ya taso, babu zaɓen rana, ranar nan ita ce rana.

Na biyu, gaya wa likita gaskiya. Ka faɗa masa in kana da ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko amosanin jini, ko gyambon ciki, ko asma, ko farfaɗiya. Ka faɗa masa in jininka ba ya saurin tsayawa in ka yanke, ko in akwai irin wannan a danginku, ko in wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi da kumburi. Ka tafi da kowane magani da ka ke sha cikin kwalinsa, har na gargajiya ka ambata. Wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini kada ya daina sha da kansa, ya bari likita ya faɗa. Mace mai juna biyu kada kunya ta hana ta faɗa, domin akwai magungunan da ba a ba ta, aikin da ba na gaggawa ba kuwa an fi son a yi shi cikin watanni uku na tsakiya, ko bayan ta sauka.

Na uku, tambaya. Ka roƙi likita ya nuna maka hoton, ya gaya maka ko saiwar tana kusa da jijiya, ko za a yi ɗinki, da nawa za a biya duka har da magani, don kada kuɗi su yanke a tsakiya. Tambaya ba rashin ladabi ba ce.

Na huɗu, tsabtar baki da barin taba. Kwanaki kafin ranar a daɗa kula da goge haƙora safe da dare. Mai shan taba ya fara bari tun daga nan, za mu ga dalili a gaba.

Na biyar, sha'anin ciki. In allura za a yi maka a dasashi, ka karya kumallo sosai kafin ka tafi, domin mai yunwa ya fi saurin jiri, bayan aiki kuma za a jima ba ka ci ba. In kuwa barci za a sa ka, sai ka bar abinci sa'a 6 kafin lokacin, ko yadda likita ya umurta.

Na shida, hanya da rakiya. Kowa ya san yadda 'yan bindiga suka addabi ƙasar Batsari da Safana da kewayen dajin Rugu, musamman daga 2019. Sai a yi sammako, a gama da wuri, kada dare ya riski mutum a hanya. Abin da ya fi, in akwai ɗan'uwa a birni a kwana wurinsa dare ɗaya ko biyu, domin in jini zai ba da wahala, daren farko ya kan yi. A tafi da abokin rakiya, kada wanda aka yi wa aiki ya tuƙa babur da kansa.

A kujerar likita

Za a yi maka allura a can ƙuryar baki. Bayan 'yan mintoci sai ka ji leɓe da rabin harshe sun yi nauyi kamar ba naka ba. Likita zai gwada kafin ya fara. Za ka ji dannawa da girgiza da ƙara, amma ba za ka ji zafi ba. In ka ji, ɗaga hannu a ƙara maka. Haƙorin da ya fito a miƙe, girgiza shi a ke yi a hankali har ya saki. Wanda ya kwanta kuwa, sai a tsaga dasashi kaɗan, a rage ƙashin da ya rufe shi, wani lokaci a raba haƙorin biyu ko uku a fitar da shi gutsure gutsure, sa'an nan a wanke wurin a ɗinke. Daga ƙarshe a ɗora maka naɗin auduga a kan ramin, a ce ka cije. Daga nan rabon likita ya ƙare, naka ya kankama.

Gudan jini shi ne maganin

In za ku manta da kome cikin wannan bayani, kada ku manta da wannan. Ramin da haƙori ya bari ya kan cika da jini, jinin ya daskare ya zama guda. Gudan nan shi ne marfin da ke rufe ƙashi da jijiyoyi, a cikinsa kuma sabon nama ya ke tsirowa, daga baya ƙashi ya biyo. Kamar yaɓen laka ne da magini ya yi yanzu: in aka bar shi ya sha iska sai ya kama, in aka yi ta taɓa shi ko ruwa ya doke shi sai ya zube. Kusan duk dokokin da likita zai ba ka, don tsaron gudan nan ne. Wanda ya gane haka ba ya bukatar hadda.

Ranar fari, ka cije audugar nan kamar rabin sa'a, ba surutu, ba leƙawa. Sa'a 24 na farko kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, haɗiye shi ba ya cutarwa. Wannan doka ta fi wuya gare mu, domin tofi ya zame mana jiki. Ga mai alwala, kurkurar baki a mazhabar Imam Malik sunna ce ba farilla ba, sabo da haka wanda ya bar ta ranar nan don lalura alwalarsa ta yi. Kada ka tsotsi kome, ko ruwan leda ne a juye shi a kofi. Kada ka sa harshe ko yatsa ko tsinke cikin ramin. Kada ka sha abu mai zafi, kada kuma ka ci kome sai leɓe ya farfaɗo, wanda ya kan ɗauki sa'a biyu zuwa huɗu, don kada ka ciji kanka ba ka sani ba. In za ka kwanta ka ɗaga kai da matashi biyu. In ana samun ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma a riƙa ɗorawa a kunci minti 15 a ɗauke. In babu, tsumma mai ruwan randa ma ya taimaka.

Yawu mai ja-ja ranar fari da ta biyu ba abin tsoro ba ne, ɗigon jini kaɗan ya kan rina yawu mai yawa. In kuwa jini ne sosai ya ke zuba, ka naɗe tsumma mai tsabta wanda aka wanke aka goge, ka ɗora daidai kan ramin, ka cije da ƙarfi minti 20 kana zaune. Yawanci ya kan tsaya.

Daga rana ta biyu sai a fara ruwan gishiri. A sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi. A guntsa, a karkata kai ruwan ya kwanta kan wurin, sa'an nan a buɗe baki ya zuba da kansa, ba a wasa shi da ƙarfi ba. A yi haka bayan kowane cin abinci da lokacin kwanciya, har mako guda. Sauran haƙora a ci gaba da goge su, a dai bi gefen ramin a hankali.

Kumburi ya kan daɗu har rana ta biyu ko ta uku, daga nan ya fara saɓewa. Baki ya kan yi wuyar buɗewa kamar mako guda. Kada wannan ya firgita kowa, hanyar warkewa ce. Zare kuma iri biyu ne, akwai mai narkewa da kansa, akwai wanda a ke komawa a cire bayan kamar kwana 7. Ka tambaya wanne aka sa maka. Dasashi ya kan rufe ramin cikin mako uku ko huɗu, ƙashi kuwa sai ya yi watanni kafin ya cika.

Wajen abinci, Allah ya hore mana masu laushi da yawa. Kwanakin farko a sha kunu da koko waɗanda suka huce, da nono, da fura wadda aka dama ta yi laushi, a sha da ludayi. A ci ayaba, da dafaffen ƙwai, da dankali, da tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, ba yaji da yawa, a tauna ta ɗaya gefen. A ajiye ƙuliƙuli, da gyaɗa, da aya, da rake, da kilishi, da tsire, da dambu, da riɗi, da goro, har mako ya wuce, domin masu tauri suna fama wurin, masu tsaki kuma suna faɗawa cikin ramin. Kada a ƙi cin abinci don tsoro, jiki ba ya gini da yunwa. A sha ruwa da yawa.

Wajen magani, farasitamol ya kan isa ga aiki mai sauƙi. Baligi ya sha ƙwaya biyu masu awo 500, kada ya wuce sau huɗu, watau ƙwaya 8, cikin kwana guda, domin wuce haka yana lalata hanta. Ibufurofen yana rage kumburi, a sha shi bayan an ci abinci, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da wanda asmarsa ke tashi da shi, kada su sha sai da izinin likita. Kada a sayi asfirin don wannan zafi, yana tsinka jini. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kowa ke bukatarsa ba. In likita ya rubuta a sha yadda ya ce, in bai rubuta ba kada a saya wurin mai talla a kasuwa. Tiramol kuwa da irinsa, mun ga yadda suka lalata samari, kada ciwon kwana uku ya buɗe wa mutum ƙofar bautar shekaru.

Aikin ƙarfi, kamar noma, da faskare, da daka, da jan guga, da ƙwallo, a dakata da shi kwana uku zuwa mako guda, domin yana tayar da jini. Mai gida ya ɗauke wa matarsa daka da surfe kwanakin nan, shugaban ɗaki kuma ya nema wa ɗan'uwansa izini daga aikin gona da wasanni.

In gudan ya faɗi

Wani lokaci gudan jinin ya kan narke ko ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Alamarsa ita ce, mutum ya fara samun sauƙi, sai rana ta uku ko ta huɗu zafi ya komo ya fi na da, yana harbawa har kunne, baki ya yi wari da ɗaci, ƙwaya kuma ba ta kwantar da shi. A cire haƙori na yau da kullum wannan ba ya kan sami fiye da mutum 5 cikin 100, amma a turmin ƙasa da aka yi wa fiɗa ya fi haka yawa ƙwarai, ya kuwa fi kama masu shan taba, domin zuƙa tana jan gudan, hayaƙin kuma yana rage jinin da ke zuwa wurin. Ba ciwo ne mai kisa ba, amma yana da azaba. Maganinsa a koma wurin likita ya wanke ramin ya sa magani a ciki, sau da yawa kafin mutum ya iso gida ya ji sanyi.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. In kumburi ya ci gaba bayan rana ta uku, ko ya gangara ƙarƙashin haɓa da wuya, ko ya hau wajen ido. In haɗiya ko numfashi ya yi wuya. In zazzaɓi ya rufe mutum. In jini ya ƙi tsayawa bayan an cije tsumma sau biyu. To, sai asibiti nan da nan. In leɓe ko harshe bai farfaɗo ba har gari ya waye, a sanar da likita. Jijiya ce ta bugu, yawanci ta kan warke cikin makonni ko watanni, kaɗan ne ƙwarai ke dawwama. Wanda aka cire wa na sama kuma kada ya fyace hanci da ƙarfi har mako biyu, domin tsakanin saiwar da kogon hanci ƙashi ne siriri. In ya ga ruwan da ya sha yana fitowa ta hanci, ya koma a duba shi.

Rabonmu mu malamai

Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, nufin shi ne a horar da malaman da za su koma cikin jama'arsu su koyar, nauyin nan kuwa har yanzu shi ke wuyan kowane mai koyon aikin malanta. Ba a ce mu zama likitoci ba, kada kuwa wani ya ɗauki wannan takarda ya fara rubuta wa mutane magani. Abin da ke kanmu ɗan kaɗan ne, amma yana da nauyi. Mu koya wa yara kai asawaki har ƙuryar baki. In muka ga mai kumburin haɓa yana haɗiya da ƙyar, mu tsaya kan iyayensa ko mai gidansa da ladabi har a ɗauke shi ranar nan, ko da za a haɗa masa kuɗin mota. In wani ya komo daga asibiti da auduga a baki, mu karanta masa takardar da aka ba shi, mu fassara masa, mu gaya masa dalilin kowace doka, domin mutum ya fi riƙe abin da ya san dalilinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.